Sharhi: Git da Zuciyar Linux, Aiki Ya Yi Kyau Amma Sunaye Sun Bar Baya da Ƙura



Sharhinmu na yau ya faɗa kan wasu kayan aiki da masu rubuta manhajar kwamfuta ba sa rabuwa da su: Git, wanda ke adana tarihin duk canjin da aka yi wa rubutun manhaja, da kuma kayan da ake farautar kuskure da su a cikin zuciyar Linux. Kada ka ce wannan ba layinka ba ne ka wuce. In wayar da ke hannunka Android ce, to zuciyar Linux ce ke bugawa a cikinta yanzu haka, kuma da waɗannan kayan ake gano cutarta a yi mata magani.

Kalmomin kayan zan ɗora a sikeli, kuma ga hukuncina tun daga farko. Injin Git gwani ne, babu tantama. Sunayen da aka laƙaba wa umurninsa kuwa, da yawansu suna ɓatar da mai koyo, wasu ma sukan jawo asarar aikin kwana da kwanaki. Ƙa'idar rubutun da masu Linux suka ɗora a kansa ita ce ta rufa asiri, kuma duk mai riƙe alƙalami yana da abin ɗauka a cikinta.

ASALIN ABIN A TAƘAICE

Turawa suna ce wa wannan zuciya "kernel", wato ƙwayar da ke cikin ɓawo. Ita ce manhajar da ke tsaye tsakanin ƙarfen na'ura da sauran manhajoji. Ita ke raba ƙwaƙwalwar na'ura, ita ke cewa wane aiki zai gudana yanzu wane zai jira, ita ke magana da kyamara da batir da allon waya. Linus Torvalds ne ya fara ta a 1991, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland. Buɗaɗɗiya ce, ma'ana kowa yana iya karanta rubutunta, ya gyara, ya aika da gyaransa a duba. Wannan gyaran da ake aikawa Turawa suna ce masa "patch", kuma mu ma muna da kalmar tun tuni: faci, irin na mai gyaran taya.

Daga 2002 zuwa 2005 masu Linux sun riƙa adana tarihin aikinsu da wata manhaja mai suna BitKeeper, wadda ba buɗaɗɗiya ba ce, kamfanin da ya mallake ta ne ya ba su aro kyauta. A 2005 aka samu saɓani bayan Andrew Tridgell ya binciko yadda take magana da uwar garkenta, sai kamfanin ya janye aron. Kayan aro ba ya rufe katara. A watan Afrilun 2005 Torvalds ya zauna ya fara rubuta nasa, cikin 'yan kwanaki sabon kayan ya fara adana tarihin kansa da kansa, a watan Yuni aka fitar da Linux 2.6.12 da shi. A watan Yuli ya miƙa ragamarsa ga Junio Hamano, wanda ya ci gaba da kula da shi tun daga lokacin.

Sunan ma abin lura ne. A bakin mutanen Ingila "git" zagi ne, ana faɗa wa mutum mai ban haushi. Tun daga raɗin suna ka ga cewa mai abin bai ɗauki zaɓen kalma da zafi ba.

INDA GIT YA CI JARRABAWA

Duk sanda ka gama wani canji ka ce wa Git ya riƙe, ya kan yi abin da ake kira "commit". A nan zan kira shi ajiya. Kowace ajiya tana ɗauke da hoton yadda rubutun yake a lokacin, da sunan wanda ya yi, da rana, da bayanin da ya rubuta, da kuma lambar ajiyar da ta gabace ta. Daga waɗannan duka ake lissafo mata lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 40. Kamar salsalar zuri'a ce inda sunan kowane ɗa yake ɗauke da na ubansa. In wani ya taɓa wata tsohuwar ajiya a ɓoye, lambarta za ta canza, ta 'ya'yanta da jikokinta duk su canza, asiri ya tonu.

Amfanin wannan salsala ya fi fitowa a umurnin "bisect", wato raba biyu. Akan fitar da sabon Linux kusan kowane mako tara ko goma, kuma kowace fitowa takan ƙunshi ajiya fiye da dubu goma. A ce ka sabunta, sai sautin kwamfutarka ya ɗauke, alhali a tsohon yana aiki. Ruwa ba ya tsami banza, akwai ajiyar da ta jawo. To wacce a cikin, a ce, 12,000?

Ka tuna yadda kake neman kalma a ƙamus. Ba ka farawa daga shafin farko. Tsakiya kake buɗewa, ka ga ko kalmar tana gaba ko tana baya, ka watsar da rabi. Haka "bisect" yake yi. Ka nuna masa sigar da ke aiki da wadda ta lalace, ya kai ka tsakiyarsu, ka harhaɗa ka gwada, ka gaya masa sakamako. 12,000 su koma 6,000, su koma 3,000, su koma 1,500, haka har zuwa ɗaya. Gwaji 14 ya isa. Tarihin Linux a Git ya haura ajiya miliyan ɗaya, kuma ko miliyan ɗaya ce gwaji 20 zai tsamo mai laifi. Ba sai ka iya karanta rubutun zuciyar ba ma. In ka iya harhaɗawa da gwadawa, za ka iya miƙa wa masana lambar ajiyar ka ce ga inda abin ya fara. Sunan nan ya dace da aikinsa, ya faɗi abin da ake yi bai ƙara ba bai rage ba. Da ma sauran haka suke.

INDA SUNAYE SUKA GAZA

Suna linzami ne. Bari mu ga inda linzamin Git yake jan mutum.

Na ɗaya, kalma ɗaya mai aiki barkatai. Umurnin "checkout" yana kai ka wani reshe na aikin. Shi ne kuma, in ka ƙara masa harafi ɗaya, yake ƙirƙirar sabon reshe. Shi ne dai, in ka ba shi sunan fayil a maimakon sunan reshe, yake mayar da fayil ɗin yadda yake a da, ya share duk abin da ka rubuta ba ka ajiye ba, ba tare da ya tambaye ka ba. Duba fa: na farko tafiya ce da za ka iya dawowa, na ƙarshe kuwa gogewa ce da ba ta da makawa, amma aikatau ɗaya ne. A maganar yau da kullum kalma mai ma'ana da yawa ba matsala ba ce, domin muhallin zance yana warwarewa, in ma bai warware ba sai ka ce "me kake nufi?" Na'ura ba ta tambaya, aiwatarwa take yi. Sai a Git 2.23, a watan Agustan 2019, aka raba aikin gida biyu: "switch" don canza reshe, "restore" don mayar da fayil. Shekara 14 ke nan ana tuntuɓe a dutse ɗaya. Kuma tsohon umurnin yana nan, yawancin darussan da za ka tarar a intanet shi suke koyarwa.

Na biyu, akasin na ɗaya: abu ɗaya mai suna uku. Kafin canji ya zama ajiya, akwai wani zaure da ake tara shi a ciki. A wani wurin Git yana kiran zauren "index", a wani "cache", a wani "staging area". Mai koyo zai ɗauka ɗakuna uku ne, ya yi ta neman bambancinsu. Abin takaicin, ranar da ya gane cewa ɗaya ne, sai ya ci karo da umurnin "apply", inda "--index" da "--cached" suke yin aiki daban: na farko yana taɓa zauren da fayilolin da kake aiki a kansu, na biyu zauren kaɗai. Marubucin labari yana iya cewa doki a nan, ingarma a can, don zance ya yi armashi. A rubutun fasaha kuwa sauya suna alkawari ne ga mai karatu cewa abin ma ya sauya. In bai sauya ba, ka yaudare shi.

Na uku, wanda ɗaliban nahawu za su fi jin daɗinsa: wakilin suna. In canjinka ya yi karo da na wani, Git yana kiran ɓangarorin biyu "ours" da "theirs", wato namu da nasu. Lokacin haɗe rassa biyu, namu shi ne reshen da kake kai, nasu shi ne wanda kake jawowa. Lafiya lau. Amma akwai wani aiki, "rebase", wanda zan kira dashe: ka cire reshenka daga inda ya tsiro ka dasa shi a saman sabon tarihi. A wurin dashe sai ma'anar ta juye. Namu ya zama aikin sauran mutane, nasu ya zama aikinka na kanka. Dalilin shi ne Git yakan fara tsayawa a kan tarihin da za a yi dashen a kansa, sannan ya riƙa kawo ajiyarka ɗaya bayan ɗaya kamar baƙi. Daga inda yake tsaye bai yi ƙarya ba. Mun sani cewa "namu" da "nasu", kamar "nan" da "can", ba su da ma'ana sai an san wa ke magana kuma a ina yake. To mai buga umurnin ya ɗauka shi ne mai magana, ashe na'urar ce. Ya ce a riƙe namu, aka zubar da nasa.

Na huɗu, har "bisect" da na yaba bai tsira ba. Kalmomin da kake ba shi amsa da su su ne "good" da "bad", mai kyau da marar kyau, kuma ya ɗauka tsohon ne mai kyau, sabon ne marar kyau. To in abin da kake nema shi ne ajiyar da ta gyara wani kuskure fa? Dole ka riƙa kiran mai aiki marar kyau, kana kiran lalatacce mai kyau, har sau goma sha wani abu, kuma ka kuskure sau ɗaya lissafin duka ya rushe. A Git 2.7, farkon 2016, aka ƙara "old" da "new", tsoho da sabo, har aka ba ka damar zaɓen kalmominka. Gyaran ya yi daidai, domin abin da injin yake nema shi ne inda hali ya sauya, hukuncin kyau da muni na mai gwaji ne.

Na biyar, "blame", zargi. Wannan umurni yana nuna maka, layi bayan layi, ajiyar da ta taɓa shi a ƙarshe da wanda ya yi ta. Kayan bincike ne mai matuƙar amfani, sai dai sunan ya yanke hukunci kafin shari'a. Wanda ya taɓa layi a ƙarshe wataƙila tazara kawai ya daidaita, mai kuskuren na asali yana can baya. Subversion, wadda ta girmi Git, tana karɓar "praise", wato yabo, a matsayin wani sunan wannan aikin. Zargi da yabo duk sun wuce gona da iri. Tambayar da ake yi ita ce daga ina layin nan ya fito.

Wani zai ce ai an canza "master". Haka ne. A 2020 aka yi muhawara kan kalmar saboda tana tuna wa mutane ubangida da bawa. Git 2.28 ya ba kowa damar zaɓen sunan babban reshensa, GitHub kuma ya koma "main" a watan Oktoban shekarar. Ba na ƙin wannan. Abin da ya nuna mini shi ne ana iya taɓa suna cikin 'yan watanni in an ga dama, alhali sunan da ke share wa ɗalibi aikinsa ya jira shekara 14.

Adalci kuma ya sa a faɗi uzurinsu. Torvalds ya rubuta Git cikin gaggawa don buƙatar kansa da ta ƙwararru irinsa. Kafin a farga, dubban ƙananan manhajoji sun dogara da waɗannan sunaye, in ka cire ɗaya ka karya su. Harshen mutane ma haka yake: kalma in ta zauna a baki, ba a korarta da takardar sanarwa. Uzurin ya bayyana dalilin da ya sa tsofaffin sunaye suka zauna. Bai wanke jinkirin kawo sababbi a gefensu ba.

HARSHEN ZUCIYAR IN TA YI CIWO

Mu koma kan zuciyar kanta. Kayan bincike mafi tsufa a cikinta shi ne "printk", wato zuciyar ta rubuta saƙo a kundinta, kai kuma ka karanta da "dmesg". Saƙonnin suna da matakai takwas, daga 0 zuwa 7: sifili shi ne na'ura ta gama yawo, 3 kuskure, 4 gargaɗi, 7 surutun da mai bincike kaɗai yake buƙata. Wannan tsari ne mai kyau, kowane saƙo ya san matsayinsa.

Sai kuma "oops". A Turanci kalmar motsin rai ce, irin "ash!" ɗin da za ka ce in cokali ya suɓuce maka. A Linux kuwa tana nufin zuciyar ta yi abin da bai halatta ba, misali ta taɓa wani wuri a ƙwaƙwalwar na'ura da ba shi da mai shi. Takan kashe aikin da ya jawo, ta zayyana jerin matakan da aka bi har aka iso wurin, ta ci gaba da tafiya da rauni. Daga nan ba a amince da lafiyarta. Kalmar ta yi wa lamarin kaɗan ƙwarai. Wanda bai sani ba zai ga "ash!" ya ci gaba da harkarsa a kan na'urar da ke iya ɓata masa fayiloli. "Panic", firgici, ita ce in zuciyar ta ga ba za ta iya ci gaba ba ta tsaya cak. Ita kam ta faɗi gaskiya.

Wadda ta fi burge ni ita ce "tainted", gurɓatacciya. In aka cusa wa zuciyar wani ɓangare wanda rubutunsa a rufe yake, sai ta sa wa kanta alamar P, in ta taɓa yin "oops" ta sa D, in ta taɓa yin gargaɗi ta sa W. Kamar randa ce da wani abu ya faɗa ciki: ruwan yana iya zama garau a ido, amma mai hankali zai tambaya kafin ya sha. Masu gyara sukan ce ka maimaita gwajin da zuciya mai tsabta kafin su saurari ƙorafinka, domin ba za su iya bin sawun abin da ba su iya karantawa ba.

Akwai manyan kayan aiki bayan waɗannan. KGDB yana ba ka damar tsayar da zuciyar daga wata kwamfuta ta biyu ka leƙa cikinta. Torvalds ya daɗe yana ƙin irinsa. A shekarar 2000 ya yi bayanin cewa irin wannan kaya yana sa mutum ya toshe inda ya ga ɗigo bai fahimci dalilin yoyon ba. Sai a 2008, a Linux 2.6.26, KGDB ya shiga. A wannan shekarar ftrace na Steven Rostedt ya shigo, mai bin sawun wane aiki ya kira wane. KASAN, wanda ya zo da Linux 4.0 a 2015, yana kama manhaja in ta taɓa wurin da ta riga ta mayar ko ta zarce iyakar da aka ba ta. Shi kuwa syzbot na kamfanin Google dare da rana yake jefa wa zuciyar umurni na ganganci don ya ga inda za ta faɗi, in ta faɗi ya kai rahoto, sau da yawa har ya yi raba biyun da kansa.

Dukkansu tambaya ɗaya suke amsawa: a ina, kuma yaushe. Babu wanda zai gaya maka abin da mai canjin yake nufi da ya yi shi. Wannan sai rubutun ɗan Adam.

ƘA'IDAR DA TA RUFA ASIRI

Takardar da ke koyar da yadda ake aika faci ga Linux tana da sharuɗɗa da suka fi kama da darasin insha'i.

Faci ɗaya, magana ɗaya. In ka gyara kuskure kuma ka ƙara sabon abu, faci biyu ke nan. Har an ce in ka ga bayaninka yana ta tsawo, alama ce facin yana son rabawa. Kuma bayan kowane faci dole zuciyar ta harhaɗu ta yi aiki, saboda mai raba biyu yana iya sauka a kan kowace ajiya. Ka ga dokar sakin layi ke nan da ake koya mana: ra'ayi ɗaya, kuma ya tsaya da ƙafarsa.

Matsala kafin magani. Ka fara da faɗin abin da ya lalace da yadda yake shafar mai amfani da na'ura, sannan ka faɗi abin da ka yi. In ka ce ka ƙara sauri, kawo alƙaluma. In kana gyara ɓarnar wata tsohuwar ajiya, ka sa layin "Fixes:" da haruffa 12 na farkon lambarta da kanun bayaninta, don masu kula da tsofaffin sigogi su san ko gyaran ya shafe su. A ƙasa ka sa "Signed-off-by:" da sunanka, shaidar cewa kana da haƙƙin bayar da abin. An kawo wannan a 2004, lokacin da kamfanin SCO yake da'awar cewa an saka rubutunsa a Linux.

Sai sharaɗin da ya fi shafar mu: a rubuta bayanin da sigar umurni, kamar kana ba manhajar oda. Me ya sa ba shuɗaɗɗen lokaci ba? Ka yi tunani. Sanda kake rubutawa ba a karɓi facin ba tukuna. Bayan an karɓa, ana iya ɗaukarsa a liƙa a wata tsohuwar siga bayan shekara uku. Faci abu ne da ke aikata aikinsa duk inda aka liƙa shi, saboda haka sigar da ba ta ɗaure da lokaci ba ita ta dace da shi. Git kansa da umurni yake rubuta nasa, "Merge" da "Revert".

Ɗaliban da ke koyon wannan sana'a da Hausa a bakinsu sukan ce "na yi commit", "ka yi push", da aikatau "yi" da ke ɗaukar kowace baƙuwar kalma. To in za ka rubuta bayanin ajiyar da Hausa fa? Ga hanyoyi huɗu:

Na gyara lissafin kwanan wata.
An gyara lissafin kwanan wata.
A gyara lissafin kwanan wata.
Gyara lissafin kwanan wata.

Ta farko ta jawo mai magana cikin zance, alhali sunansa yana rubuce a ajiyar. Ta biyu labari ce, kuma ƙarya ce a duk sigar da ba a liƙa facin ba. Ta uku roƙo ce, mai karatu zai ɗauka aikin yana jiran mai yi. Ta huɗu ita ce daidai: gajeriya, babu jinsi, babu lokaci. Ka lura da abu ɗaya. Tun da ba ma rubuta karin sauti, "gyara" ita kaɗai tana iya zama umurni ko suna. Abin da ke biye ne yake rabewa: "gyara lissafin" umurni, "gyaran lissafin" suna, saboda -n ɗin nasaba. Harafi ɗaya ne tsakani, kada ka yi wasa da shi.

Umurnin kanu ne kawai, dalili yana ƙasa. Kwatanta wanda ya rubuta "gyare-gyare" ya tafi, da wanda ya rubuta: "Hana rufe fayil sau biyu. In karatu ya gaza, ana rufe fayil ɗin a wurin kuskuren, sannan a sake rufe shi a ƙarshen aiki, sai manhajar ta faɗi. Bar rufewar ƙarshe kaɗai." Wanda raba biyu ya kawo shi kan ajiya ta farko bayan gwaji 14 ya iso kango. Wanda ya iso ta biyu ya san abin da aka so yi, zai iya gane inda niyya da aiki suka saɓa.

Inda zan soki masu Linux a nan shi ne ƙofar shiga. Har yanzu ta imel ake aika faci, da rubutu tsura, kuma manhajojin imel da yawa suna lalata tazara su ɓata facin. Kayan aiki irin su b4 sun rage wahalar, amma sabon shiga yakan sha faɗa kan siffar saƙo kafin a kalli abin da ya kawo.

KYAKKYAWAN BAYANI MA YANA ƘARYA

Kada ka ɗauka kyan rubutu shaidar gaskiya ne. A ƙarshen Maris 2024 Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya lura cewa shiga wata na'urarsa daga nesa yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya kamata. Da ya bi sawu sai ya tarar da ƙofar ɓoye a xz, manhajar matse fayiloli da ake amfani da ita a kusan kowane Linux, a sigogi 5.6.0 da 5.6.1. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ne ya shafe fiye da shekara biyu yana taimakawa har aka amince da shi. A cikin ajiyarsa akwai wadda bayaninta ya ce tana gyara gwajin da ke duba ko zuciyar tana da wata kariya mai suna Landlock. A cikin rubutun gwajin kuwa an saka ɗigo ɗaya a inda ba wurinsa ba. Ɗigon ya sa gwajin yana faɗuwa kullum, kariyar ba ta kunnuwa. Mu da muka san tazarar da ke tsakanin "kasa" da "ƙasa" ba za mu yi mamakin ɓarnar ɗigo ba. Amfanin bayani shi ne ya ba ka ma'aunin da za ka gwada aikin da shi. In ka karanta bayanin ba ka karanta facin ba, rabin aiki ka yi.

HUKUNCI

Git ya cancanci matsayin da ya samu, kuma "bisect" kaɗai ya isa hujja. Kalmominsa kuwa na ba su rabin maki. In kana koyo, fara da "switch" da "restore", ka bar "checkout" sai ka ƙware. Duk inda ka ga namu da nasu, tsaya ka tambayi kanka wa ke magana. In ka ga "oops", kada sunan ya rarrashe ka. In kuma kai ne za ka raɗa wa wani abu suna, a manhaja ko a fassara ko a ƙamus, ba abu ɗaya suna ɗaya, kada kuma aikatau ɗaya ya ɗauki aikin da ake dawowa daga gare shi tare da wanda ba a dawowa.

Ga aikin gida: na kira "commit" ajiya, na kira "rebase" dashe. Wa yake da waɗanda suka fi su, kuma me za ku kira "blame" ba tare da kun zargi kowa ba? A kawo kalma tare da dalilinta.

Sai mun haɗu a darasi na gaba.